Sai da muka bi layin lifta sau uku kafin mu ci biryani a Chungking

Kwana uku muka yi a Hong Kong ni da maigidana Alhaji, ba abin da muke sa wa cikinmu sai burodi da shayi da ayaba, sai ɗan garin kwaki da ƙuli-ƙulin da na taho da shi tun daga Kano wanda shi ma ya kusa ƙarewa. A Guangzhou ba mu sha wannan wahalar ba ko kaɗan, don in kana unguwar Xiaobei ko ta ina ka juya akwai shagon taliyar nan na musulman Chaina masu farar hula, ka zauna ka ci ka tashi hankalinka kwance. Amma da muka hau jirgin ƙasa mai gudun nan, wanda ko awa ɗaya ba ya yi ya sauke ka a tashar West Kowloon ta Hong Kong, sai labari ya sha bamban. Duk gidan abincin da ka wuce sai ka ga an rataye agwagi da naman alade a bayan gilashi suna ɗigar mai, Alhaji kuwa mutum ne da ko ganye ba zai ci a irin wurin ba, yace ai ba ka san da wane mai aka soya ba, kuma tukunyar ɗaya ce.

To ranar ta uku bayan mun gama yawon duba kayan waya a Sham Shui Po ƙafafuna kamar ba nawa ba, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muka fito a Tsim Sha Tsui daidai magariba. Kana fitowa daga tashar ga masallacin Kowloon nan a gefen titin Nathan, fari tas da hasumiyoyi huɗu, a bakin wani babban lambu. Wannan ginin a 1984 aka buɗe shi, amma masallaci na wurin tun 1896, an gina shi ne saboda sojojin Indiya musulmai da Turawan Ingila suka kawo lokacin garin yana hannunsu. Wlh shiga masallacin nan kawai sai da na ji kamar an sauke min kaya, ga 'yan Pakistan ga 'yan Indonesiya ga baƙaƙen fata 'yan uwanmu jefi-jefi. Muna sallamewa Alhaji ya juyo yace, kai yaro yau za ka ci abincin mutane, akwai inda muke zuwa a ginin Chungking tun zamanin da ake sarin Nokia a kwali.

Nace Allah ya sa, ranka ya daɗe, don ni cikina har ya fara kiran ciroma.

Daga masallacin zuwa wurin tafiyar minti biyar ce ko ƙasa da haka, amma minti biyar ɗin titin Nathan ba irin na ko'ina ba ne, mutane kamar an buɗe gidan tururuwa, motocin bas masu bene suna wucewa, fitilun talla ta ko'ina har ba ka gane dare ya yi, kowa yana sauri ba mai kallon wani. Tun kafin mu ƙarasa wasu samari 'yan Indiya suka fara tare mu, wannan yace agogo, wancan yace ɗinkin kwat, Alhaji ko kallonsu bai yi ba, yace min kar ka amsa kar ka tsaya.

Chungking Mansions shi ne lamba 36 zuwa 44 a kan titin, tsohon gini ne tun 1961, hawa 17, daga waje za ka ɗauka gini ɗaya ne amma a ciki bulok biyar ne, A, B, C, D da E. Abin mamaki kewaye yake da manyan otal-otal da shagunan masu kuɗi, shi kuwa yana tsakiya kamar an ɗauko wani yanki na Kantin Kwari an dasa. Daga bakin ƙofa 'yan canji ne jere hagu da dama da allunansu na lantarki, kana shiga ciki kuma ƙamshin kori da turaren tsinke da soyayyar albasa ya buge ka, shagunan waya da caja da layin waya da samosa a cikin gilashi, ana ta Hindi da Urdu da Faransanci da Inyamuranci. Ni dai sai na ji kamar na shigo Farm Centre ranar Asabar, bambancin kawai rufin da ke samanmu.

A bakin ƙofar nan ne aka yi mana rubdugu. Mutum wajen shida ne suka yo kanmu kowa da ɗan kati a hannu, kowa yana kiran sunan gidan abincinsa, kowa yana cewa halal, halal, ragi kashi goma. Nan na gane Alhaji ya manta sunan wurin da yake zuwa, ya manta bulok ɗin, hawan ma cewa yake ko na biyar ko na bakwai, kuma ba zai yarda ya ce ya manta ba. Sai kawai ya karɓi katin wani dogon saurayi da ya yi mana sallama cikakkiya, yace wannan ma ya yi, mu je.

Yanzu bari in yi bayanin liftar nan don ita ce rabin labarin. Kowane bulok lifta biyu gare shi, ɗaya tana tsayawa a hawa masu mara wato 5, 7, 9 haka, ɗayar kuma masu cika, 4, 6, 8, kuma kowace da layinta daban. Ƙanana ne, mutum shida ko bakwai sun cika ta, in nauyi ya yi yawa sai ta fara ƙara ta ƙi rufewa har sai na ƙarshe ya fita, kuma kowa juyowa yake ya zuba masa ido. A saman ƙofar akwai ɗan talabijin da ke nuna cikin liftar, kana tsaye a layi kana kallon waɗanda ke ciki suna ta hawa da sauka, wani da katon buhu wani da akwati uku. Mun fi minti goma a layin farko, sau biyu tana zuwa ba mu samu shiga ba.

Da muka fita a hawan da yaron ya danna sai na ga ba wani gidan abinci, lungu ne kawai siriri da ƙofofi kamar na gidan haya, wayoyin wuta a sama, takalma a bakin wata ƙofa. Ya danna ƙararrawa aka buɗe, ashe falon gida ne aka mayar wurin cin abinci, tebur kamar takwas, sanyin esi mai daɗi, Turawa da 'yan Chaina suna ta ci. Har na ja kujera zan zauna sai na ga Alhaji ya tsaya cak yana kallon wani firiji mai gilashi a kusurwa, cike yake da kwalaben giya, ga wasu ma a kan teburin da ke kusa da mu. Ya tambayi mai wurin, ba ku ce halal ba? Mutumin ya shiga rantsuwa yana girgiza kai irin nasu cewa naman halal ne ɗari bisa ɗari, giyar ta baƙi ce kawai. Alhaji yace a'a, ya juya. Ni kuwa ƙamshin nan ya riga ya shige min hanci, na matso nace Alhaji ai naman yankan musulmi ne, mu ci namu mu tafi mana. Kallon da ya yi min ya ishe ni amsa. Har yau a raina ina ganin da mun ci ba abin da zai faru, amma wanda ya biya maka kuɗin jirgi ba ka ja da shi a kan faranti.

Muka sake tsayawa jiran lifta, ta saukowa ma wani aiki ne don daga sama take tahowa a cike, ta buɗe ka ga ba masaka tsinke ta rufe. Nace mu bi matakala, Alhaji yace gwiwarsa.

A ƙasa muna tsaye ina ta ƙunƙuni da Hausa, sai na ji an ce daga bayana, Alaji sannu, ku daga Najeriya ne? Na juya na ga wani bawan Allah a bakin wani ɗan shagon kaya yana naɗe kwali da salatif, ashe ɗan Zangon Kumasi ne, ya daɗe a garin yana tura wa mutane kaya. Hausarsa irin ta Gana ce, mace da namiji duk ya ne, amma wlh a daren nan ta fi min waƙa daɗi. Muka gaisa, Alhaji ya faɗa masa abin da ya faru, ya yi dariya yace ai haka wurin yake, ba duk ɗan Indiya ne musulmi ba, wasu masu gidajen Hindu ne wasu Sik ne wasu ma 'yan Nepal ne, suna sayen naman halal ne saboda da yawa daga kwastomomin ginin musulmai ne, amma giya ita ke kawo musu Turawa. Yace kalmar halal a jikin kati kowa ma zai iya bugawa, abin da za ku duba shi ne takardar shaida ta kwamitin amintattun musulmin Hong Kong, su ne ke kula da masallacin da kuka yi sallah, su ke zuwa su duba kicin su ba da satifiket, kuma yana da ranar ƙarewa, ku duba kwanan watan. Sai ya ɗauki biro ya rubuta mana bulok da hawa a bayan katin wancan yaron.

Nan kuma na tafka tawa. Da zumuɗi na ja Alhaji muka bi layin da na ga ya fi gajarta, sai da muka shiga ta rufe na duba maɓallan na ga babu lambar hawanmu, ashe ta masu cika muka shiga, mu kuwa mara muke nema. Nace ba komai mu sauka a na samansa mu gangaro hawa ɗaya, muka yi hakan, Alhaji yana dafa bango yana salati, muka iso muka duba ƙofofin nan kaf ba gidan abinci sai masaukan baƙi. Wata mata 'yar Filifin da ke goge ƙasa ta kalli katin ta nuna mana harafin da ke bango, ashe ba lifta kaɗai na kuskure ba har da bulok. Kuma abin haushin, daga sama ba hanyar da za ka tsallaka daga wani bulok zuwa wani, dole ka sauko ka je ka bi layin nasu daga farko. Alhaji bai ce min uffan ba har muka sauka, wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Layi na uku dai Allah ya taimake mu. Wurin bai kai na farko kyau ba gaskiya, tebur biyar ne da ledar roba a kai, fanka a bango, talabijin ana nuna wasan kurket, amma kana shiga ga hoton Ka'aba ga kalandar lokutan sallah, ga satifiket ɗin a cikin firem kusa da inda ake biyan kuɗi. Alhaji ya sa tabarau ya je har gabansa ya duba kwanan wata kamar jami'in kwastan, ya leƙa firiji ya ga lemo ne da ruwa da kindirmo, sannan ya zauna yace Alhamdulillahi. Mai sabis ɗin wani siririn yaro ne yace daga Kolkata yake, na gwada masa ɗan Indiyancin da muka tsinta a finafinai tun muna yara, nace bhai, pani, ya fashe da dariya ya kawo ruwa har da kiran na kicin ya zo ya ga baƙin mutum mai jin Hindi, alhali kalmomina ba su wuce biyar ba.

Takardar abincin ta kai shafi shida kuma ba hoto. Abin da na fahimta a daren, wanda da na sani tun farko da ban ɓata lokaci ba, shi ne a wurinsu miya daban ake saye, shinkafa daban, burodin daban, ba kamar gida da za ka ce shinkafa da miya a haɗo maka a faranti ɗaya ba. In ka ce kori kawai to ɗan kwanon miya za a dire maka ka zauna kana kallonsa. Biryani ne kawai yake zuwa a haɗe kamar dafa-duka. Yaron ya taimaka mana muka zaɓi biryanin naman akuya guda ɗaya, don abin da suke kira mutton yawanci akuya ce ba rago ba, da rabin kaza tandoori, da dal wato miyar wani ƙaramin wake, da naan guda uku. Alhaji ya ga an rubuta bhindi ya tambaya menene, yaron ya shiga kicin ya fito da kuɓewa ɗanya guda ɗaya a hannu, Alhaji ya washe baki yace a kawo. Da ya tambaye mu yaji fa, kaɗan ko sosai, ni da ɗagawa nace mu Kanawa ne a zuba, Alhaji yace a'a a yi tsaka-tsaki, kuma Allah ya sa nasa aka bi.

Kafin abincin ya fito aka kawo wani abu sirara mai ƙaras-ƙaras kamar an gasa takarda, papad suke ce masa, da 'yan kwanoni uku, ɗaya koren miyar na'a-na'a, ɗaya ta tsamiya mai zaƙi, ɗaya albasa da lemun tsami. Ta tsamiyar nan kamar an ɗauko daga kunun gidanmu.

Naan shi ya fara zuwa, da zafinsa yana tururi, gefe ɗaya ya kumbura ya yi tabon ƙuna baƙi-baƙi, an shafe shi da man shanu. Alhaji ya yaga ya kai baki ya tauna ya yi shiru, can yace kai, wannan ai gurasa ce. Ya kira yaron yace a me kuke gasawa, yace tandoor, Alhaji yace tanderu! Sai ga dattijon da ke kuka da gwiwa ya miƙe ya bi yaron har ƙofar kicin, ni ma na bi. Kicin ɗin bai fi shagon mai caji ba, amma ga tanderun nan a tsaye kamar randa an kewaye shi da ƙarfe, mai gashin ya mulmula ƙullu ya shimfiɗa a kan wani ɗan matashi ya zura hannu ya manna a bangon ciki, bayan kamar minti biyu ya sa ƙarafa biyu dogaye ya ɓamɓaro. Wlh sak yadda matan Jakara ke manna gurasa, har yadda yake kawar da fuska daga hucin wutar. Kazar ma a ciki ake gasa ta a jikin dogon tsinken ƙarfe, shi ya sa take fitowa ja da ƙauri-ƙauri, an jiƙa ta da kindirmo da kayan ƙamshi tun kafin, naman har cikin ƙashi ya ji. Alhaji yace da za a samu ƙuli-ƙuli a barbaɗa a kan naan ɗin nan da an gama bandashe, nace saura kaɗan a jaka a masauki, yace ka yi asara.

Biryanin kuwa a wata 'yar tukunyar ƙarfe aka kawo an tula shi kamar dutse, shinkafar dogaye sirara kowace ƙwaya tana zaman kanta, wata fara wata ruwan ɗorawa, soyayyar albasa a sama, naman yana ɓoye a ƙasa sai ka tona. Ba irin yajinmu ba ne da ke dukan harshe nan take, wannan ƙamshi ne ke fara zuwa, kanumfari da kirfa da citta da tafarnuwa, sai ka yi loma biyar shida sannan ka ji zufa tana tsattsafowa a goshi. Kuma ba sa niƙa kayan ƙamshin duka, haka suke barinsu a ciki, ni ban sani ba na haɗa da wani ɗan koren kwanso na tauna, bakina gaba ɗaya ya koma kamar na sha turare, na rasa inda zan tofar don mai sabis yana tsaye yana jiran in yaba. Daga nan na koyi tsince su ina tarawa a gefen faranti. Akwai ɗan kwanon kindirmo da yankakken kokwamba da ke rakowa, raita, Alhaji da farko ya ture shi yace wa ke cin shinkafa da nono in ba fate ba, da yajin ya fara aiki sai ga shi ya jawo kwanon gabansa ya hana ni.

Kuɓewar ce ta ba shi mamaki fiye da komai. An yanka ta an soya da albasa da tumatir, a bushe, ko alamar yauƙi babu. Ya ɗaga guda ɗaya yana jujjuyawa yace to in an cire wa kuɓewa yauƙi me ya rage mata, amma fa shi ya cinye kwanon tas har da suɗe shi da naan. Dal ɗin ne kawai bai burge ni ba, salam na ji shi kamar romon wake, ko don na riga na ƙoshi ne. Cokali da aka ajiye mana ba wanda ya taɓa, akwai wurin wanke hannu a kusurwa kuma 'yan Pakistan ɗin da ke teburin gefe su ma da hannu suke ci, don haka muka naɗe hannun riga.

Muka rufe da shayinsu, an dafa madara da ganyen shayi da citta tare a tukunya, kauri kamar na mai shayin da ya san ka, a ɗan ƙaramin kofi. Sai aka kawo bil a faranti tare da wasu 'yan ƙwayoyi kore da masu launi-launi na sukari, ana taunawa don ƙamshin baki, ɗanɗanonsu kamar alewar minti. Kuɗin ya kama dalar Hong Kong ɗari uku da 'yan kai har da kashi goma na sabis da suke ɗorawa, kuma tsabar kuɗi kawai suke karɓa. Dalarsu kusan 7.8 ce a dalar Amurka ɗaya, na ciro waya na fara bugawa in ga nawa ne a naira, Alhaji ya dafe wayar yace rufe, wanda ke lissafin naira a garin nan da yunwa zai kwana. Naan ɗaya da ya rage da ɗan biryani yace a ƙulle mana a leda saboda karin safe, ya karɓi katin wurin guda biyu, ya ba ni biro yace in rubuta bulok da hawa da manyan baƙi, in kuma rubuta lifta ta hagu.

Da muka fito lungun mutum huɗu ne a gabanmu suna jiran sauka, liftar ta zo a cike ta wuce, ta sake zuwa a cike. Alhaji ya kalle ni ya kalli ƙofar matakala, ya miƙo min ledar abincin yace riƙe, ya tattare babbar rigarsa ya yi gaba.